Zauren Lissafi: Tambayoyi Uku Daga Aikin Gida

Malam Bala: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malama Hadiza za mu warware tambayoyi uku na aikin gida, irin waɗanda ɗaliban babbar sakandare ke cin karo da su kafin jarrabawar WAEC da NECO. Malama, bismillah.

Malama Hadiza: Na gode, Malam. Ta farko ta aljabara ce. Shekarun wani uba sun ninka na ɗansa sau uku, amma nan da shekara 12 za su ninka su sau biyu ne kawai. Shekarun ɗan nawa ne yanzu?

Malam Bala: Mu kira shekarun ɗan x, na uban kuma 3x. Bayan shekara 12, ɗan yana da x + 12, uban yana da 3x + 12, saboda haka sai mu rubuta 3x + 12 = 2(x + 12).

Malama Hadiza: A nan nake so mu dakata, domin wannan baka biyun ita ce ke kayar da yara da yawa. Sai ka ga ɗalibi ya ninka x da 2 ya bar 12 yadda take, ya rubuta 2x + 12, daga ƙarshe lissafi ya nuna masa cewa shekarun ɗan sifili ne, shi kuma ya miƙa wa malami haka ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Malam Bala: Gaskiya ne. Idan aka buɗe bakar daidai, za a samu 3x + 12 = 2x + 24. Alamar daidai kamar sikeli take, duk abin da ka cire a wannan gefe dole ka cire shi a wancan. A cire 2x da 12 daga kowane gefe, x ta zama 12. Uban yana da 36 ke nan, kuma bayan shekara 12 za su kai 48 da 24. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, da kalmomi zalla yake warware irin wannan, babu x ko ɗaya, shi ya sa nake cewa ɗalibi ya fara faɗin matsalar da bakinsa kafin ya ɗauki biro.

Malama Hadiza: Ta biyu ba za ta ɗauke mu lokaci ba. An jingina tsani mai tsawon mita 5 a bango, gindinsa kuma yana nesa da bangon da mita 3. Mita nawa ne daga ƙasa zuwa kan tsanin? Bango da ƙasa sun yi kusurwa mai digiri 90, don haka ƙa'idar Pythagoras ta shigo, wadda ta ce idan aka ninka kowane gefe na alwatika mai irin wannan kusurwa da kansa, sakamakon gefe mafi tsawo, wato tsanin a nan, daidai yake da jimillar na sauran biyun: 5 sau 5 ya ba da 25, a debe 3 sau 3, wato 9, saura 16, wato 4 sau 4. Kan tsanin yana mita 4 daga ƙasa.

Malam Bala: Da wannan awon na 3 da 4 da 5 magina ke daidaita kusurwar ɗaki da igiya kafin a haƙa tushe. To, sai ta uku, wadda ta shafi saiti, wato rukunin mutane ko abubuwa.

Malama Hadiza: Aji ne mai ɗalibai 40. Daga ciki 25 suna karanta Larabci, 22 suna karanta Faransanci, 3 kuma ba sa karanta ko ɗaya. Nawa ne ke karanta duka biyun? Mu kira masu Larabci L, masu Faransanci F. Alamar ∪ tana nufin duk wanda yake cikin L ko F ko duka biyun, alamar ∩ kuwa tana nufin wanda yake cikin biyun a lokaci guda.

Malam Bala: Idan aka fitar da ukun nan, n(L ∪ F), wato yawan ɗaliban da ke cikin L ∪ F, ya zama 37. Amma 25 da 22 sun ba da 47, wato an samu rarar 10, kuma dalilin rarar shi ne an ƙirga wasu ɗalibai sau biyu. Su ne n(L ∩ F).

Malama Hadiza: Ni kam na fi son ɗalibi ya zana da'ira biyu masu shiga juna, irin zanen da John Venn ya gabatar a 1880, maimakon ya haddace ƙa'ida kawai. Ya sa 10 a tsakiya, 15 a ɓangaren Larabci kaɗai, 12 a ɓangaren Faransanci kaɗai, sannan 3 a waje. Malam, tara mana su.

Malam Bala: 10 da 15 da 12 da 3, sun cika 40 cif. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu ɗauki saiti uku a zane guda.