Gudummawar Masu Kamun Ƙafa a Lokacin Zaɓe

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Mutumin da kamfani ke biya don ya riƙa safa da marwa a majalisa yana kamun ƙafa, in ya ba ɗan majalisa gudummawar yaƙin neman zaɓe da safe, da yamma ya shigo ofishinsa da takardar gyaran doka, wa zai ce babu alaƙa? Ba lallai a yi ciniki da baki ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Ku dubi jihar Connecticut a Amurka. Gwamnanta John Rowland ya yi murabus a 2004 kan badaƙalar karɓar kyaututtuka daga 'yan kwangila, har ya sha ɗauri. A 2005 jihar ta haramta wa 'yan kwangilar gwamnati da masu kamun ƙafa ba 'yan takara kuɗi. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta amince da haramcin 'yan kwangila, amma ta soke na masu kamun ƙafa, ta ce ba su ne suka tafka waccan badaƙala ba, kuma ba da gudummawa na cikin 'yancin bayyana ra'ayi. Sai jihar ta koma ƙayyade musu dala 100. Shekara guda bayan haka, wata kotun ta tabbatar da haramcin gudummawar masu kamun ƙafa a jihar North Carolina. To, ku ga ƙasa ɗaya, hukunci biyu!

Amma ni a ganina, aljihun mai kamun ƙafa ba shi ne babbar matsala ba. Ƙarfinsa yana wajen tarawa. Zai shirya liyafar cin abinci, ya gayyato shugabannin kamfanonin da yake wa aiki, kowa ya rubuta cek daidai iyakar doka, shi kuma ya haɗa su ya miƙa. Ko sisinsa babu a ciki, amma fuskarsa ɗan takara zai tuna.

Bayan badaƙalar Jack Abramoff, wani mai kamun ƙafa wanda ya amsa laifi a 2006, majalisar Amurka ta yi doka a 2007 cewa dole a bayyana sunan mai kamun ƙafar da ya tara fiye da dala 15,000. Bayyanawa fa, ba hanawa ba. Kuma dokar ta fi kama wanda ya yi rajista a matsayin mai kamun ƙafa ne. Wanda aikin kamun ƙafa bai kai kashi 20 cikin ɗari na lokacin da yake ba mai ɗaukarsa ba, ba dole ya yi rajista ba. Shi ya sa da yawa suke kiran kansu masu ba da shawara, su ci gaba da shirya liyafa.