Sura biyu a sati: laccar da aka yi wa matasan majami'a a Damagaram

Salama gare ku, ƴan'uwa. Na baya kuna jina? To. Abu uku zan faɗa kan karatun sati.

Na farko, ku rage buri. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1189. Mai son gamawa cikin shekara sai ya ci sura uku da ɗoriya kullum, ba fashi. Janairu na kamawa kowa ya ɗau alkawari. Farawa ta wuce da daɗi, akwai Yusufu, akwai Yakubu da wayonsa. Fitowa ma haka. Sai a iso Littafin Firistoci, hadaya bisa hadaya, ga zafin Afrilu ya kunno kai, ga wuta ta ɗauke, shi ke nan an rufe sai baɗi. (Dariya.) Kun ga masu dariyar nan? Su ne.

Ni Markus nake ba mutum. Sura 16 kacal. Biyu a sati, wata biyu ka gama Bishara sukutum. Kuma Markus ba ya jan magana, "nan da nan" ne bakinsa. Nan da nan, nan da nan, kamar ɗan kabu-kabu ranar Alhamis a Kasuwar Dole. Biyu na ce. Ka karanta Litinin, ka maimaita Laraba, ka sake ranar Juma'a. Wanda ya ce biyu sun yi masa kaɗan, ya zo Lahadi ya ba ni labarinsu da ka, in ƙara masa.

Na biyu, littafin tafsiri ko na tarihin ikilisiya, ɗaya a hannu ya isa. Mai-Wa'azi 12:12 ya riga ya ce yawan karatu yana gajiyar da jiki. Na huɗu... a'a, na nawa muke? Lokaci dai: da asuba, kafin salula ta fara kuka.

Na'am, Mama?

Ta ce ita ba ta shiga lakwal ba, yaya za ta yi. Mama, mutanen Kolosi ma karanta musu aka yi. Ku duba Kolosiyawa 4:16, Bulus cewa ya yi a karanta wasiƙar a gaban jama'a. Wahayi 1:3 kuma ya sa wa mai karantawa da masu saurare albarka tare. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa cikin murya, ana sawa a salula, amma na fi son mutum, don a tsaya a yi tambaya. A Zango kike, ko Birni? Wa ke kusa da gidan Mama? Ke ƴata, ɗaga hannun da kyau, ranar Litinin za ki fara.