Transformers, Gunpla da Chogokin: Abin da Sabon Mai Tarawa Ya Kamata Ya Bambance

Assalamu alaikum, masu kallo. Abubuwa uku ne na ɗora a kan wannan teburi, kuma wanda ya hango su daga bakin ƙofa zai ce duk mutum-mutumin wasan yara ne, don tsayinsu ma kusan ɗaya ne, babu wanda ya wuce taƙi guda. Sai dai na hagun nan ina iya lanƙwasa shi ya koma babbar mota cikin 'yan mintoci, na tsakiya gutsi-gutsi ya zo mini a kwali na haɗa shi da hannuna, na dama kuwa idan na miƙa wa mutum shi sai ya gyara riƙo saboda nauyin ƙarfen da ke jikinsa. Masu aiko mini da saƙo daga Marwa da Ngaundare da Njamena yawanci suna tambayar wanne ya fi kyau, ni kuma ina nan Garwa ina mayar musu da tambayar: me kake so hannunka ya riƙa yi da shi bayan ka buɗe kwalin? Amsar wannan ita ce ke raba layukan kayan nan, kuma ita ce za ta hana mutum zuba sefarsa a abin da zai gundure shi kafin sati ya zagayo.

Bari mu fara da na hagu, wato Transformers. Kamfanin Hasbro na Amurka ne ya fito da sunan a 1984, amma kayan da ya fara sayarwa ba shi ya ƙera su ba. Ya ɗauko su ne daga layuka biyu na kamfanin Takara na Japan, Diaclone da Micro Change, ya raɗa musu sababbin sunaye, ya ba su labari. Shi ya sa har yau sunaye biyu ake gani a jikin kayan, na Hasbro da na Takara Tomy, domin Takara ta haɗe da Tomy a 2006. Daɗin wannan layi yana cikin juyawar: a ɓalle nan, a naɗe can, ƙafa ta zama bayan mota, ƙirji ya zama gilashin gaba. Wanda ba ya jin daɗin irin wannan wasan kwakwalwa bai kamata ya fara daga nan ba, domin kuɗin da ya biya yawancinsa na waɗancan gaɓoɓin ne da ba zai taɓa motsa su ba.

A cikin Transformers ɗin ma akwai gida-gida, kuma a nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. Akwai Generations, wanda ya fara a 2010, yana sake ƙera tsofaffin jarumai da fasahar yau, kuma sunan da ke gaban kwalinsa yana sauyawa bayan 'yan shekaru, kamar Siege a 2019 da Legacy a 2022, alhali uwar ɗaya ce. Akwai Studio Series, wanda ya fara a 2018, shi kuma yana bin kamannin jaruman kamar yadda suka fito a finafinai. Waɗannan biyun ana sayar da su aji-aji, kuma ajin a rubuce yake a kwali: Deluxe yana kai wajen santimita 14, Voyager wajen 18, Leader kuma ko dai ya fi su girma ko ya zo da ƙarin kaya kamar tirela. Ku lura da wannan da kyau, domin hoton da mai sayarwa zai turo a waya ba ya nuna girma, kuma na ga wanda ya biya kuɗin Voyager aka kawo masa ɗan ƙarami da bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Sama da su duka akwai Masterpiece, wanda Takara ta fara a 2003 da Convoy, sunan da Japanawa ke kiran Optimus Prime, babban jarumin labarin Transformers, da shi. Wannan na manya ne, fentinsa ya fi kyau, kamanninsa da zanen talabijin ya fi kusa, amma juyawarsa tana da matakai masu yawa, wasu gaɓoɓin sirara ne, kuma kuskure guda yana iya tsinke abin da ba a samun madadinsa a nan kusa. A ganina ba a farawa da shi. Mutum ya fara da Deluxe guda, ya juya shi sau goma, ya ga ko hannunsa na marmarin na sha ɗaya.

Na tsakiyar nan shi ake kira Gunpla, wato Gundam na roba da ake haɗawa, kuma na kamfanin Bandai ne. Zanen Gundam, labarin ƙattan mutum-mutumin yaƙi da ake shiga ana tuƙa su, ya fara fitowa a talabijin ɗin Japan a 1979, kayan haɗawar suka biyo baya a watan Yulin 1980, na farkon ana sayar da shi yen 300. Idan aka buɗe kwalin ba mutum-mutumi za a tarar ba. Za a tarar da wasu firam na roba, gutsattsarin suna maƙale a jikinsu kamar 'ya'ya a reshe, kowanne da harafi da lamba, sai takardar da ke nuna matakan aiki da zane, ta yadda rashin jin Japananci ba ya hana komai. Na farko-farko sai da gam da fenti, amma tun ƙarshen shekarun 1980 gutsattsarin suna kama juna da kansu, launinsu kuma a jikin robar yake.

Abu biyu ake karantawa a kwalin Gunpla: ma'auni da daraja. A labarin, Gundam na farko tsayinsa mita 18 ne, saboda haka idan an rubuta 1/144 za a samu abin da ya kai wajen santimita 12 da rabi, 1/100 santimita 18, 1/60 kuma santimita 30. Daraja kuwa ita ce ke faɗin yawan aikin da ke ciki. HG, wato High Grade, wanda ya fito a 1990, yawancinsa 1/144 ne, gutsattsarinsa ba su da yawa, mai haƙuri yana gama shi tsakanin la'asar da isha. MG, wato Master Grade, na 1995 yana kan 1/100, kuma a nan ne abin ya fara armashi, domin sai an fara gina ƙashin ciki, da gwiwa da gwiwar hannu masu lanƙwasuwa, sannan a lulluɓe shi da sulke, har da ɗan ƙaramin matuƙi a zaune a ƙirji wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. PG, wato Perfect Grade, na 1998 shi ne babba, 1/60, aikin kwanaki. Wanda ke yaudarar mutane shi ne RG, wato Real Grade, na 2010: girmansa irin na HG ne, sai sabon shiga ya ɗauka sauƙinsu ɗaya, alhali an cusa masa ƙashin ciki da ƙananan gutsattsari waɗanda idan ɗaya ya faɗi a kan tabarma sai an haska fitilar waya ana lalube. Mai son gwaji ba tare da wahala ba ya nemi Entry Grade, wanda ake iya cire gutsattsarinsa da yatsa.

Na yi kuskure a nan, kuma gara ku gan shi da idonku. Ku dubi wannan ƙahon rawaya da ke goshin na tsakiyar nan, ɓangaren dama ya fi na hagu gajarta. Ranar da na haɗa shi ba ni da 'yar filayar yanka, sai na murɗe shi daga firam da hannu, robar ta yi fari a wurin, tsinin ya karye. Ko abin yanke farce mai kaifi ya fi murɗawa, muddin an yanka nesa kaɗan da gutsuren sannan a dawo a gyara bakin.

Na damar nan mai nauyi Chogokin ne, kuma shi ne dattijon cikinsu. Kamfanin Popy, reshen Bandai, ya fito da na farko a 1974 da siffar Mazinger Z, wani ƙaton mutum-mutumi na zanen talabijin ɗin Japan, jikinsa na ƙarfen zinki da aka narka aka zuba, kwatankwacin yadda maƙeranmu ke zubin tukunya, sai dai da injin da ke matsa narkakken ƙarfen cikin mazubi mai siffar abin da ake so. A 1997 aka farfaɗo da shi domin manya da sunan Soul of Chogokin, kowane guda da lambarsa mai farawa da GX. Wannan da ke hannuna Grendizer ne, shi ma na zanen talabijin, wanda masu jin Faransanci suka sani da Goldorak tun da aka fara nuna shi a Faransa a 1978, masu jin Larabci kuma suka san shi da sunansa na asali. A shirye yake zuwa, a fente, ba abin da za a haɗa sai makamai da hannuwan canji. Wannan kayan jere ne, kamar yadda iyayenmu mata ke jera kwalla da langa a ɗaki ba don a ci tuwo a ciki ba. Masu son Gundam amma ba sa son yanka da haɗawa suna da nasu a wannan ɓangare: Robot Spirits ƙanana ne na roba masu motsi sosai, Metal Build kuma yana da ƙarfe a gaɓoɓinsa, tsadarsa ta manya ce.

Yanzu batun jabu, domin mu nan ba mu da shagon kamfani, kayanmu sai dai wani ya riƙo daga Dubai ko Cana, ko a yi oda ya sauka Duwala ya biyo hanya, ko kuma a ci sa'a a tsince shi cikin kayan wasan gwanjo. Ganin an rubuta Cana a kwali ba ya nuna jabu ne, don Transformers na gaske a Cana da Biyetnam ake ƙera su, Chogokin ma a Cana. Gunpla ne ya sha bamban, domin mafi yawansa a Japan ake zuba shi, a masana'antar Bandai da ke Shizuoka, kuma sunan kamfanin da shekarar ƙira suna nan a jikin kowane firam, rubutu mai tudu da ake ji da farce. Tambarin Bandai ja ne a tsofaffin kwalaye, shuɗi a waɗanda suka biyo bayan 2018, saboda haka bambancin launin ba abin tsoro ba ne. Na taɓa sayen wani a hannun wani mai kawo kaya, zanen kwalin daidai yake amma babu tambari a kusurwa, da na haɗa shi hannun ba ya tsayawa, ƙugun kuma sai da na fere shi da reza kafin ya shiga. Ban ce kowa ya guji mai arha ba, amma a biya shi kuɗin mai arha. Idan farashin da kuka gani na yuro ne, ku tuna yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, sannan ku ɗora kuɗin ɗauko da na duwan, inda nauyin Chogokin da girman kwalin PG ke nuna halinsu.

Sauran abin da masu bayani daga ƙasashen sanyi ba sa damuwa da shi shi ne yanayinmu. Farar roba rana tana mayar da ita ruwan ƙwai, kuma ba ta komawa da wanki, don haka kantar da hasken taga ke faɗawa a kanta ba wurin ajiya ba ce. Zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, yana sassauta gam ɗin 'yan takardun ado da ake liƙa wa HG, yana kuma sa makamai masu taushin roba su karkace idan aka bar su cikin mota a rufe. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin Transformers ta riƙa cin su a hankali duk lokacin da aka juya. Chogokin ba ya jin zafi kamar sauran, amma idan ya faɗo daga kanta fentinsa yana ɓantarewa, nauyinsa kuma yana iya karya nasa ƙahon. Kabad mai gilashi irin na kwanuka ya wadatar, da burushin kwalliya mai laushi domin kaɗe ƙura sau ɗaya a sati, kuma kada a jefar da kwali da takardar matakai, musamman ta Transformers, domin bayan wata shida ba kowa ke tuna inda ƙafar hagu take shiga ba.

Wannan na hagun matakansa ba su da yawa, bari in matso da kyamara in juya shi a gabanku, ku ga inda ake fara ɓallewa da kuma gaɓar da ba a tilasta mata.