Amsoshin Tambayoyinku: Wai 'yan haya ma suna da ƙungiya?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka, barkanmu da zafi kuma, don yau Maradi sai dai hamdala. Wanga mako saƙonninku sun taru kan magana guda kamar kun haɗa baki, maganar haya, shi ya sa na ware guda uku na ce yau su za mu zauna a kai.

Na farko daga wani malamin lakwal ne a unguwar Ali Ɗan Sofo. Ya ce mai gidansu ya ƙara musu jika biyar kan kuɗin wata ba ko sallama, sai wani abokinsa ya ce mishi ai a Turai 'yan haya na da ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya kamar sandika. Yana tambaya gaskiya ne? Yaushe ta fara, kuma mi take yi?

Malam, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Wadda ta fi suna ita ce ta ƙasar Suwidin, da yarensu Hyresgästföreningen, kar wanda ya ce in maimaita don harshena ba ya ɗaukar ta sau biyu, ma'anar dai ƙungiyar 'yan haya. Kuma ba gwamnati ta kafa musu ita ba. A 1915 ne ma'aikata masu zaman haya a wani ɗan ƙaramin gari na bakin teku, Nynäshamn, sunka haɗa kai, daga nan wasu garuruwa sunka bi sahu, sai a 1923 ƙananan ƙungiyoyin nan sunka dunƙule sunka zama ta ƙasa. Suwidin ta lokacin ba ita ce wadda kuke gani a tele yanzu ba fa, mutum da matarsa da 'ya'ya rututu cikin ɗaki guda da ɗan madafi, ga sanyi ga tarin fuka, mai gida kuma in ya ga dama ya ƙara kuɗi in ya ga dama ya ce a tashi.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne rigimar wata unguwa mai suna Olskroken a birnin Göteborg, 1936 zuwa 1937. Masu gidaje sunka ƙara kuɗi, 'yan haya sunka ce ba mu biyan ƙarin, anka shiga fidda iyalai da kayansu waje. To mi ƙungiya ta yi? Ta ce duk ɗakin da anka kori wani daga ciki, kar wanda ya kama shi. Ka ji makamin. Don mai gida ba ya jin tsoron fushinka Malam, abin da yake tsoro ɗaki ya kwana wata da watanni babu kowa ciki. Mu nan kuwa kafin ka gama ɗaure katifarka wani ya riga ya kai wa dillali abansi, har da ƙarin jika biyu a kai.

Daga baya faɗan ya bar titi ya koma kan tebur. A 1978 anka yi dokar da ta tsara yadda za a riƙa ciniki kan kuɗin haya, yanzu kowace shekara wakilan ƙungiya na zama da masu gidaje a yi ta ja-in-ja kan nawa za a ƙara, kuma abin da anka daidaita ya shafi mafi yawan gidajen hayar ƙasar, har na waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Ana duba girman gida, ingancinsa, da inda yake, ba wai yawan masu layi a ƙofa ba. Gidaje sama da 500,000 ke cikinta, kowa na zuba kuɗin wata, da kuɗin nan ake biyan masana doka da masu zaman cinikin. Kuma maganar haya a can ba wasa ba ce, a watan Yuni na 2021 majalisa ta kada gwamnatin firaminista Stefan Löfven, musabbabin kuwa shirin da anka yi na sakar wa kasuwa kuɗin hayar sabbin gidaje.

Saƙo na biyu daga wata baiwar Allah a unguwar Zariya, ta ce mijinta ya rasu, tana da yara huɗu, ana bin ta wata biyu, mai gida ya ba ta kwana bakwai ta tashi in ba haka ba zai cire ƙofar ɗakin. Ga damina na ƙaratowa. Allah ya jiƙan mai gidanki Hajiya, ya raya abin da ya bari.

Saƙonki ya tuna min da Faransa. Can suna da tasu babbar ƙungiya, CNL, wadda asalinta ke komawa 1916. Kafin ita akwai wani mutum Georges Cochon, mai sana'ar yi wa kujeru sutura, da ya addabi masu gidajen Paris wajen 1912, in anka kori iyali sai ya tara jama'a da amalanke da gwangwanaye ana kaɗawa a kwashe kayan a kai su bainar jama'a, har cikin Tuileries, wani babban lambu a tsakiyar Paris, ya taɓa kafa wa wani iyali bukka don hukuma ta ji kunya. Bayan nan a sanyin 1954 wani limamin Kirista, Abbé Pierre, ya yi kira a rediyo, a rediyo fa irin wannan, kan mutanen da sanyi ke kashewa a titi, kuma a 1956 anka yi dokar hana korar ɗan haya lokacin sanyi. Yau daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fidda mutum ko da kotu ta yanke hukunci, sai dai a wasu 'yan yanayi da doka ta ware. Bashin na nan, ba a yafe shi ba, amma ba a jefa yara cikin ƙanƙara. Ni dai da za a tambaye ni, da na ce mu ma tamu ta kama daga saukar ruwan farko har a yi girbi.

To ke yanzu Hajiya, ki sani mu ma Nijar muna da dokar haya tun 1996, kuma fidda mutum daga gida aikin kotu ne, ba aikin guduma da cire ƙofa ba. Kar ki tsaya cacar baki da shi ke kaɗai. Ki samu dattijo guda cikin danginki ko na marigayi, ku je wajen mai unguwa ko limamin masallacinku a zauna, ki faɗi abin da za ki iya biya da ranar da za ki biya, a rubuta, shaidu su sa hannu. Ki tattara duk resin da ke hannunki. Wanga maganar resi ina yin ta da ciwo a rai, don ni kaina lokacin ina gwauro na bar kosiyon na wata uku wajen wani mai gida, ranar tashi ya dube ni ya ce wane kuɗi? Ba ni da ko guntun takarda, kunya ce ta hana ni nema tun farko, wai kar dattijo ya ce ban yarda da shi ba.

Na uku kuma wani Alhaji ne daga Bagalam, kuma da ganin rubutun ransa a ɓace yake. Ya ce ku 'yan rediyo kullum bayan 'yan haya kuke, shi wani ya zauna mishi wata takwas bai biya ba, ya sulale da dare ya bar mishi faktir na ruwa da na wuta, bango duk ƙusa. Ya ce ita wannan ƙungiya ba ta koya wa mutane cin haƙƙi ba ce?

Ranka ya daɗe Baba Alhaji, wallahi kana da gaskiya a rabin maganar. Da yawa cikin masu gidajen haya a garin ga ba attajirai ba ne, tsoho ne da ya yi ritaya ko gwauruwa da ta gaji ɗaki uku, da kuɗin nan ake cefane, kuma kowa ya san yadda siminti da kwano sunka yi tsada. Amma Baba ka duba, wanda ya gudu maka da dare ya gudu ne don ba kowa a bayansa kuma ba kowa a gabansa. Inda akwai ƙungiya akwai wanda za ka je ka kama, akwai kontara a rubuce, akwai inda za a zauna tun bashi na wata guda bai kai takwas ba. Su na Suwidin ɗin ma ba su tsaya ga faɗa da masu gidaje kaɗai ba, a 1923 ɗin nan 'yan haya na Stockholm sunka kafa HSB, wani irin adashe na gina gidaje, don sun gane in ɗakuna sun yi kaɗan ba ihun da zai sauko da farashi.

Kuma doka ita kaɗai ba ta isa ba, ga Senegal nan kusa. A 2014 anka yi dokar rage kuɗin haya, kashi 29 cikin 100 ga mai biyan ƙasa da jika 150, kashi 14 ga na tsakiya, kashi 4 ga manyan gidaje. Anka yi murna, sai wasu masu gidaje sunka riƙa cewa za su yi gyara ko ɗansu zai yi aure, a tashi, a sa sabon mutum da sabon farashi, har dai a 2023 gwamnati ta sake fito da wani ragin.

Malam na Ali Ɗan Sofo ya ƙara da tambayar ko su ma za su iya kafa irin wannan ƙungiya ta 'yan haya. Za ku iya, dokar ƙungiyoyi ta Nijar ta 1984 ta ba da hanya, akwai takardun da ake ajewa wajen hukuma. Amma kar ku fara da neman shugaba da hatimi da biro, mun san yadda wannan ke ƙarewa. Ku fara da gidan da kuke ciki, ku nawa ne, kowa nawa yake biya, wa ke da resi, yaya ake raba kuɗin wuta tunda konter guda ne. Sannan ku je wajen mai gidan tare, da ladabi, ku ce Alhaji ƙarin ga a jinkirta shi zuwa wata uku kuma a gyara masai. In kuna neman ranar taron farko, Litinin ta farko a watan Oktoba ita ce ranar 'yan haya ta duniya, ƙungiyar 'yan haya ta ƙasa da ƙasa da anka kafa a Zurich a 1926 ke raya ta.

Mai kula da na'ura na ɗaga min hannu. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo da sunka rubuto kan dillalai masu karɓar kuɗin nuna ɗaki, na ga saƙonku, da shi za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.