Kalmomin Turanci da kunne ya yanka ba daidai ba

Masu kallo, assalamu alaikum. Ku dubi wannan ƙyalle da masu dafa abinci da mahauta ke ɗaurawa a gaba domin kada tufafinsu su ɓaci. Sunansa a Turanci apron, kuma duk ƙamus ɗin da kuka buɗe haka zai nuna muku. Amma da mutum zai koma Ingila ta ƙarni na 14 ya tambayi mai girki, da napron zai ji, da harafin n a farkonta. Kalmar ta samo asali ne daga naperon ta tsohon Faransanci, wato ɗan ƙyallen da ake shimfiɗawa a kan tebur, kuma tana cikin dubban kalmomin Faransanci da suka kwarara cikin Turanci bayan da mayaƙan Nomandi suka ci Ingila a shekarar 1066. To, ina wancan harafi ya shiga?

Amsar tana tattare da wasu ƙananan kalmomi biyu da Turanci ke sanyawa a gaban suna, wato a da an. Idan sunan ya fara da sautin baƙi, a ake sa masa, idan kuwa da wasali ya fara, sai a sa masa an. Shi kuma mai magana ba ya dakatawa tsakanin kalma da kalma, sautin a haɗe yake fitowa, saboda haka kunne ba shi da hanyar bambance a napron da an apron. A zamanin da akasarin jama'a ba su iya karatu ba, ake kuma kwafar littattafai da hannu ba tare da tsayayyiyar ƙa'idar rubutu ba, abin da kunne ya ji shi ne hukunci. Sai a 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, kuma kafin ɗab'i ya daidaita rubutu, harafin ya riga ya koma jikin maƙwabciyarsa. 'Yar'uwar kalmar, napkin, wadda suka fito daga tushe guda, ita ta tsira da nata n har yau.

Haka ya faru da adder, maciji ɗaya tilo mai dafi da ake samu a dajin Birtaniya, wanda a da ake kira nadder. Jamusawa har yanzu suna da Natter, tare da harafinta. Wadda ta fi ɗaukar hankali a wannan rukuni ita ce umpire, sunan alƙalin wasan kurket da na tanis. Asalinta noumpere, daga Faransanci nonper, ma'ana wanda ba shi da tsara ko abokin haɗi. Mutum na uku ke nan da ake kira idan mutum biyu sun yi jayayya, wanda ba ya cikin wannan ɓangare kuma ba ya cikin wancan. Harafin da ya faɗi shi ne ke ɗauke da ma'anar korewa, don haka abin da ya rage a bakin Turawa ba shi da wata ma'ana a tushensa, amma hakan bai hana kowa amfani da shi ba.

Harafin yakan yi tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. Laƙabi a Turanci shi ne nickname, kuma babu ruwansa da wani mai suna Nick, domin a da ekename ake cewa, inda eke ke nufin ƙari, wato ƙarin suna. Da aka yi ta faɗin an ekename, sai n ya tsallaka ya manne wa sunan. A ƙarshen kalma kuwa harafin s ne ya ruɗi mutane. Koren waken nan da ake kira pea asalinsa pease ne, amma da yake s alamar jam'i ce a Turanci, sai aka ɗauka jam'i ake faɗa, aka yanke shi domin a samu tilo.

A nan ne mai jin Hausa zai ga abin da ya sani. Larabci yana da al, wadda ke yin aikin da the ke yi a Turanci, kuma harsunan Turai sun aro kalmomi da dama tare da ita a manne, ba tare da sanin cewa kalma ce mai zaman kanta ba. Algebra daga al-jabr take, kalmar da ke cikin sunan littafin lissafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunan malamin ne aka samu algorithm da masu ilimin kwamfuta ke ambata kullum. Hausa ma ta yi haka: alƙalami daga al-ƙalam, albasa daga al-basal, liman daga al-imam, lokaci daga al-waƙt. Har ma akwai karon da ke ba ɗalibai dariya, domin alkali na Turanci sinadari ne da sunansa ya fito daga kalmar Larabci mai nufin tokar wasu tsirrai, shi kuwa alƙali na Hausa daga al-ƙadi yake, mai yanke shari'a.

Ku bi sawun alcohol ku ga nisan tafiyar da kalma ke yi. Tushenta al-kuhl, wato kwallin da ake sanyawa a ido. Masu harhaɗa magunguna a Turai suka aro ta domin kowane gari da aka niƙe ya yi laushi ƙwarai, daga nan ta koma nufin tataccen abin da aka fitar daga cikin wani abu, har daga bisani ta tsaya a kan abin da ke sa maye a cikin giya. Wanda giya ta zame wa jaraba sai aka kira shi alcoholic. A ƙarni na 20 masu magana da Turanci suka yanke wutsiyar wannan kalma suka liƙa wa work, aka samu workaholic, mutumin da aiki ya zame wa jaraba, sannan shopaholic ta biyo baya ga mai jarabar sayayya. Wannan yanka da gangan aka yi shi, domin wasa, kuma gutsuren da aka ɗauka rabin sunan kwalli ne.

Irin wannan yanka ya yawaita a Turancin zamani. Hamburger sunan birnin Hambug na Jamus yake ɗauke da shi, amma da yake ham naman alade ne a Turanci, sai aka raba kalmar a nan, burger ta tsaya da ƙafarta, alhali da naman shanu aka saba yin ta. Jirgi mai saukar ungulu, helicopter, haɗin kalmomin Girkanci biyu ne, helico mai nufin murɗawa da pter mai nufin fiffike, amma harshen Bature ba ya son fara kalma da p da t a jere, shi ya sa ya raba ta zuwa heli da copter. Watergate kuma sunan gini ne kawai a Washinton, inda aka fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a 1972, lamarin da ya kai ga murabus ɗin shugaba Nixon a 1974. Tun daga lokacin 'yan jarida ke liƙa gate a bayan kowane abin kunya, ko da babu wata ƙofa a cikin zancen.

Shi kansa kuskuren ji ya samu suna, kuma sunan ma daga kuskure aka samo shi. A 1954 wata marubuciya Ba'amurkiya, Sylvia Wright, ta bayyana a mujallar Harper's cewa tana ƙarama ana karanta mata wata tsohuwar waƙar Sikotlan da ke ba da labarin wani basarake da aka kashe aka kwantar a kan ciyawa. Inda waƙar ta ce laid him on the green, ita Lady Mondegreen take ji, har ta ɗauka wata baiwar Allah ce aka kashe tare da shi. Ta ba da shawarar a riƙa kiran duk irin wannan kuskuren jin baitin waƙa mondegreen, jama'a suka karɓa, kuma a yau kalmar tana cikin manyan ƙamusoshin Turanci.