Tebur Ba Ya Wuce Faɗin Takarda

An kwafo wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita ga matasa masu shagunan kwamfuta a wani ƙauye kusa da Ringim, kan yadda ake tsara tebur, wato jadawali mai layuka da gidaje, a kwamfuta.

Assalamu alaikum. Ƙannena, makon jiya sakataren wata ƙungiyar manoma ya kawo mini jerin sunayen masu karɓar taki da aka buga masa, yana ta faɗa. Layin sa hannu ya ɓace, rabin sunaye sun sauko kan lambar waya. Wanda ya buga ya ce firinta ce. Ba ruwan firinta, wallahi.

Ku fara da awon takarda, kamar yadda ake auna gona kafin a raba gado. Takardar A4 da muke saye faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Manhajar rubutu ta Word kan bar 2.54 a kowane gefe, saura kusan 16. Gonarku ke nan. Sai ku raba: lamba 1.2, suna 6.5, waya 3.3, yawan buhu 2, wurin sa hannu 3. Suna shi ne babban magaji, domin mutuminmu yakan ba ka sunansa da na mahaifinsa, ya ɗora na garinsu. Kuma ku ƙara wa layukan tsayi. Dattijon da zai dangwala yatsa ba zai iya ba a wuri kamar bakin allura. In layukan tsaye sun yi yawa, ku kwantar da takardar, ku sami sama da santimita 24.

Ku duba ma wace takarda kwamfutar take zato. Da yawa suna zuwa a kan awon Amurka, wanda ya fi A4 faɗi kaɗan, ya gaza ta tsawo. Nan gefe ke yankewa.

Yanzu ga laifin da kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa yi, har ni: daidaita layi da dogon maɓallin tazara. Kana bugawa kana leƙe, a allo ya miƙe, a takarda ya zama tafiyar maciji. Dalili? Haruffa ba faɗinsu ɗaya ba. Dubi "m", dubi "i". Ka saka tebur na gaske, kowane abu a gidansa. Sunaye su jingina hagu, kuɗi da adadi su jingina dama, ɗari a ƙarƙashin ɗari.

Masu Excel, manhajar lissafi, in kun ga alamun ##### sun cika gida, ba lalacewa ba ce, adadin ne ya fi ƙarfin gidan. Ku ja shi ya buɗe. In rubutu ne ya tsallaka gonar maƙwabci, ku danna inda aka rubuta Wrap Text, zai naɗe ya sauko. Lambar waya kuwa guda 11 ce, amma Excel yana cinye sifirin farko sai kun mai da layin na rubutu tun kafin ku fara bugawa.

Wani ya tambaya a baya can, batun ƙ da ɗ da ɓ. Madalla. In salon haruffan da ka zaɓa ba shi da su, kwamfuta takan aro daga wani salo, ko ta sa ɗan akwati, sunan ya gurɓata. Ka gwada tukuna, sannan ka mai da aikin PDF, wato fayil da tsarinsa ba ya sauyawa, kafin ka kai shagon wani, don kada kwamfutarsa ta sake maka awo.

To, a tayar da janareto, wanda ya zo da teburinsa ya matso mu gyara a gaban kowa.