Sharhi: Lani Wendt Young, marubuciyar Samoa da ta buga littafinta da kanta

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau sharhin namu ya nufi can tsakiyar tekun Pasifik ne, ƙasar Samoa, ƴan tsibirai da mutanensu duka-duka ba su wuce dubu ɗari biyu da ƴan kai ba, inda aka haifi marubuciya Lani Wendt Young. Malamar Turanci ce a sakandare tun asali, uwar ƴaƴa biyar, kuma ƴar ɗan'uwan Albert Wendt ce, dattijon marubutan yankin.

Masifa ce ta fara fito da sunanta. Ranar 29 ga Satumba 2009 girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ta tayar da igiyar ruwa ta tsunami, ta halaka sama da mutum 140 a Samoa kaɗai, banda na Tonga da Samoa ta Amurka. Ita aka ɗora wa aikin tattara labarin, ta bi ƙauye-ƙauye tana zama da waɗanda suka tsira, masu takaba da iyayen da ruwa ya fizge wa yara daga hannu, a 2010 littafin ya fito da sunan Pacific Tsunami: Galu Afi.

To amma abin da ya sa muka ɗauko ta yau shi ne Telesa: The Covenant Keeper na 2011. Labarin wata budurwa ce Leila da ta taso a Amurka, bayan rasuwar babanta ta koma Samoa neman dangin uwa, sai ta tarar ashe jinin telesa ne a jikinta, wato matan nan na almarar Samoa da tsofaffi ke ja wa ƴanmata kunne a kansu, ita kuma wuta ce baiwarta. Ga soyayya da wani saurayi Daniel, ga makaranta, ga rigimar dangi, duk a Apia, babban birnin ƙasar, da kewaye. Kamfanonin ɗab'i suka yi ta maido wa Lani da littafin, su a ganinsu babu kasuwa, wa zai sayi littafin matasa kan ɗan tsibirin da ba a sani ba? Ita kuwa ba ta tsaya roƙo ba, ta buga abinta ta sa a Amazon, kasuwar nan ta intanet, ta riƙa tallata shi da kanta a intanet, kafin ka ce me matasan Samoa da Tonga mazauna Niyu Zilan da Ostareliya da Amurka sun yi caa a kai. Ci gaban labarin, When Water Burns, ya biyo a 2012, The Bone Bearer a 2013.

Ni dai a nawa ganin waɗancan kamfanoni sun yi babban kuskure, domin yaran nan ba ƙin karatu suke yi ba, sun gaji ne da littattafan da ba su ganin mai irin fatarsu da sunansu da abincin gidansu a ciki, kuma wannan ƙishirwa ba ƙarama ba ce wallahi.

Ba ta tsaya a ƙirƙiren labari ba. Ta fito fili ta faɗi cewa an ci zarafinta tana ƙarama, maganar da ake rufewa a gidaje da sunan kare mutuncin dangi, ta sha zagi da barazana a soshiyal midiya saboda rubuce-rubucenta amma ba ta yi shiru ba. A 2018 ƙungiyar ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik ta karrama ta a matsayin gwarzuwar marubuta ta yankin Pasifik, a 2019 kuma ita ta gabatar da laccar shekara ta majalisar littattafai ta Niyu Zilan, inda ta yi magana kan karatu da rubutu a zamanin intanet.